Hannun Yaya da Hoto Sittin

Litinin, 2 ga Satumba 1996

Yau likitan ƙashi, Ba'amurken nan dogo, ya tahi ƙasarsu konje, hutun wata uku. Kafin ya shiga mota ya biyo ta atiliyena, ɗakin da nike gyaran lantarki, ya danƙa mani kwali. Akwatin wasan tele ne na ɗiyansa, da manet ɗin da ake riƙewa a hannu, da kaset guda na tseren mota. Ya ce in haɗa ma Yaya Habila.

Bari in rubuta yadda ya faɗa kar in manta. Wasan na motsa yatsu ne da ido. Ranar da Yaya ya zagaye hanyar dutsin da ke cikin wasan sau uku a jere bai bugi komi ba, kowane zagaye cikin minti ɗaya da rabi, to hannu da ido sun kai, a gaya ma shef garaji ya mai da shi bakin mota. Har takarda ya bar ma Shef Isiyaku da wagga magana.

Shekara goma sha tara Yaya na tuƙa motar asibitin mishan. Tun watan Mayu da hawan jini ya taɓa mashi ɓarin dama shina zaune gida. Ƙafa ta dawo, hannun ne ke jan jiki. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba, shi ya sa ni lekol na yi boko, shi ya roƙa mani wurin koyon gyaran lantarki. Ban taɓa ce mashi a'a ba tun da nike.

Talata, 3 ga Satumba

Na haɗa. Tir da aiki!

Tele ɗin Yaya na Faransa ne, akwatin kuwa na Amurka, ba su jin yaren juna. Hoto baƙi da fari, dishi-dishi, bakin hanya da dutsi duk sun caɓe. Na murɗa duk abin da ke murɗuwa. Asibi matar Yaya ta leƙo daga madafa ta ce, “Matta, ashe ruwan sama ka kawo muna cikin ɗaki?” Hulda matata ma sai da ta yi dariya. Ni da nike gyara injin hoton ƙashi na asibiti, abin wasan yara ya tsinka ni gaban mata.

Yaya dai ya riƙe manet ya gwada. Babban yatsansa na rawa. Bai kai kwanar hanya ta biyu ba ya faɗa rami.

Alhamis, 5 ga Satumba

Na je Madawa sayen fiz na wutar lantarki, na biya shagon bidiyo na Ɗayyabu. Ashe shina da irin akwatin nan sak, ƙanensa ya taho mashi da shi daga Abijan, ba kaset, shina ta shan ƙura bisa kanta. Nashi na Faransa ne, da babbar wayar nan mai baki ashirin da ɗaya da ke shiga bayan tele. Ya ce in ɗauka har in gaji.

Kaset ya shiga lafiya lau. Kai, zo ka ga hoto! Motar ja wur, sama shuɗi, ana iya ƙirga duwatsun bakin hanya. Akwai baƙin layi sama da ƙasa, motar ta ɗan taushe, amma wa ya kula.

Yaya ya ce, “Auta, hannunka da albarka.” Asibi ta ce ta janye maganar ruwan sama. Duk sun ɗauka na likita ne na gyara, don akwatunan kamarsu ɗaya. Ban ce masu musanya na yi ba. Na likitan na kulle shi cikin almuwar, kabad ɗin atiliye.

Laraba, 11 ga Satumba

Kullum bayan azahar shina kai. Shina karkata jiki duk inda motar ta karkata, ƙafarsa na taka birkin da babu. Ya ce wanda ya ƙera motar nan bai taɓa ganin laka ba.

Asabar, 14 ga Satumba

Zagaye ɗaya cif, ba karo. Minti ɗaya da sakan arba'in da ɗaya a agogon wasan. Asibi ta rangaɗa guɗa har maƙwabta sunka leƙo.

Jumma'a, 20 ga Satumba

Uku a jere! 1.29, 1.30, 1.28. Ya aje manet ya rufe ido da tafin hannu, kafaɗunsa na motsi. Na fita waje na yi kamar ina duba wayar kuran, ta wutar gidan, don ban iya kallon Yaya shina kuka.

Na ji daɗi yau. Na ji daɗi ƙwarai.

Litinin, 23 ga Satumba

Shef Isiyaku ya zo shekaranjiya ya gani da idonsa, takardar likita a hannu. Yau ya ba Yaya mota sunka tahi Madawa bisa kwalta sunka dawo. Hanya ce miƙaƙƙa, ko ni sai in kai ta. Ya ce ya gamsu.

Ran 7 ga Oktoba ƴan allurar rigakafi za su fita kwana biyar, Buza, Tabotaki, Deule, har ƙauyukan Keita. Direbobi sun yi ƙaranci, Rabo kaɗai ne kuma ana bukatarsa hanyar Yamai. An rubuta sunan Yaya. Hulda na cikin masu allurar, ita da mata biyu da akwatunan ƙanƙara.

Ta ce gara Yaya da kowa, ya san kowane kwazazzabo na Adar da sunansa.

Laraba, 25 ga Satumba

Muna cin tuwon rana Hulda ta ce, “Baban Ruth, kiɗan motar nan ta Yaya, mi ka yi mashi?” Na ce wane kiɗa. Ta ce wanda ke tashi in an fara tsere. Wai ranar farko, ranar ruwan sama, da zafinsa shike, yanzu an ja shi, ya yi sanyi. Ta buga mani duka biyun da cokali a bakin kwano.

Na ce kunnenta ne. Ta ce shekara takwas tana ba da waƙa a zumuntar matan majami'a, in an ja waƙa ko da ƙiris ne tana ji a haƙoranta.

Na wanke hannu na tashi.

Alhamis, 26 ga Satumba

Na ari kaset da akwatin wurin Yaya da safe, na ce zan share masu ƙura. Na rufe ƙofar atiliye. In ba a taɓa komi ba wasan na tuƙa kansa zagaye ɗaya don nuni, to shi na auna da agogon hannuna.

Na likita: agogon wasa 1.30, agogona 1.30.

Na Ɗayyabu: agogon wasa 1.30, agogona 1.48.

Sau huɗu na maimaita. Sakan goma sha takwas, ba ƙari ba ragi.

Ni jaki ne. Abin da anka koya mani tun shekarar farko! Tele ɗin Amurka hoto sittin shike zubawa cikin sakan guda, na Faransa hamsin. Wasan kuwa da hoto shike ƙirga komi, kowane hoto mota ta matsa taku ɗaya. In hotunan sun ragu mota ta rage gudu, kwana ta daɗe kafin ta iso, kiɗa ya ja, har agogon da ke cikin wasan ya ja tare da su, shi ya sa lambar ba ta tona asiri. Kashi ɗaya cikin shida na saurin duk ya tahi. Ni ina can ina murna da jan fenti.

Wato abin da likita ya ce Yaya ya yi, bai yi shi ba tukuna. Wani abu mai sauƙi ya yi, ni na ba shi.

Na mai da na Ɗayyabu gidan Yaya kafin azahar. Ban gaya ma kowa ba.

Jumma'a, 27 ga Satumba

Abin wasan yara ne fa. Wa ya ce manet ɗaya shike da bolan, sitiyarin mota? Mutum mai shekara goma sha tara a hanya. Isiyaku ya gwada shi ya gamsu, ni wane ne.

Amma na zauna na buga lissafi a bayan kwalin fiz. Motar da ke gudun kilomita sittin tana cin mita goma sha bakwai a sakan guda. Kashi ɗaya cikin shida na wannan ya kusa mita uku. Yanzu kaka ce, jakai da amalanke cike da damman hatsi na fitowa daga gona ba sallama. Ga gangaren duwatsun Buza, ruwan bana ya zaizaye bakin hanya. Mita uku.

Na yaga kwalin.

Lahadi, 29 ga Satumba

Wayyo ni.

Lokacin shaida a majami'a Yaya ya miƙe, ya sa farar rigarsa ta Kirsimeti. Ya ɗaga hannun dama sama ya buɗe yatsu ya rufe, ya buɗe ya rufe, kowa na gani. Ya gode ma Ubangiji, ya gode ma likita. Sannan ya ce, “Ga ƙanena Matta can, tashi su gan ka.” Na tashi. Anka yi tafi. Mata sunka ɗauki waƙa, Hulda ce a gaba. Pasto ya kira shi gaba ya ɗora mashi hannu saboda tahiyar ran bakwai.

Ina tsaye ina murmushi kamar wawa. Da na faɗa ran Alhamis da duk wanga bai faru ba.

Talata, 1 ga Oktoba

Na je da niyyar faɗi. Na tarar shina wanke tsohuwar jakarsa ta tahiya, shina lissafa ma Asibi inda za su kwana. Na ce, “Yaya.” Ya ce, “Na'am, Auta.” Na ce, tele ɗin na lafiya?

Laraba, 2 ga Oktoba

Na gaya ma Hulda duka, da sassafe kafin ta tahi sarbis, aikinta na asibiti. Ta daɗe tana ɗaura kallabi tana kwancewa.

Na ce ko ta ce ba ta da lahiya, a sa wata. Ta juyo ta dube ni, ban taɓa ganin wagga huska tata ba. Ta ce, “Watan ba ɗiyar mutane ba ce? Haba Baban Ruth. Haba.” Ta ce ita aikinta ne, in mota ta tashi ran Litinin tana ciki ko wa ke tuƙi. Ba za ta je wurin Isiyaku ba, ba za ta je wurin Asibi ba, don ba ita ta musanya akwati ba. “Kai ka ɗaura, kai za ka kwance.”

Na yi hushi. Na ce ita ba ta san abin da mutumen nan ya yi mani ba. Ta ce ta sani, shi ya sa.

Har ta fita ba ta ɗauki kunun da ta dama ba.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Na yi dabarar matsorata. Na ce ma Yaya wata waya ta ƙone, hoton zai koma baƙi da fari kwana biyu. Na ɗauke na Ɗayyabu na dasa na likita. Tunanina shi da kansa zai gani, ba sai na buɗe baki ba.

Ya faɗa rami a kwana ta biyu. Ya sake, ya daki dutsi. Sau shida, bai gama zagaye ko ɗaya ba. Ina kallon yatsan, shina zuwa, amma bayan an wuce wurin.

Ya aje manet ya yi dariya. “Wa zai yi tuƙi cikin wanga hazo? Ba a ganin hanya, Auta. Gyara hoton ka gani.”

Kuma da gaskiyarsa, ba a gani sosai. Na ba shi mafaka da hannuna. Shi ya samu abin da zai ce, ni ma na samu, in ina so. Sai in mai da na Ɗayyabu gobe in ce na gyara, shi ke nan, kowa ya kwana lahiya har Litinin.

Jumma'a, 4 ga Oktoba

Ban mai da ba.

Da sassafe na ɗauko na likita daga gidan Yaya, tun ƙarfe bakwai nike atiliye. Ramin bayan akwatin likita na da ƙafafu takwas, na bi su ɗaya ɗaya da mitar awon wuta har na gane uku na launi ne, ja da kore da shuɗi, ba a dai jawo su waje ba. Na kwance babbar wayar Ɗayyabu na ga yadda anka ɗaura tata, na samu tsohuwar waya irinta cikin tarkacen bidiyon da ya mutu, na bi da dalma. Sau biyu ina ƙona yatsa. Wajen la'asar hoto ya tsaya.

Ban taɓa yin aiki mai kyau irin wanga ba. Launi tas, ya cika tele daga sama har ƙasa ba baƙin layi, mota na gudu sumul, hoto sittin cif. Kiɗan ya dawo da zafinsa. Na auna: 1.30, 1.30.

Na zauna ina kallonsa. Wuni guda na ɓata ina ƙera abin da zai kunyata Yaya, kuma wani gefen zuciyata na ta yaba dalmar.

Asabar, 5 ga Oktoba

An yi.

Na kai da hantsi. Ya ce, “Yawwa, ko kai fa! Wanga ma ya fi na da.” Asibi na tsaye bakin ƙofa da tsintsiya. Ya gyara zama.

Kwana ta biyu, rami. Ya ce bai shirya ba. Ya sake, ya wuce ta biyu da ƙyar, ta uku ya daki dutsi. Ya goge hannu a wando. Na huɗu, na biyar. Kiɗan nan na ta tashi. A na bakwai ya bar motar ta tsaya tsakiyar hanya, ya zuba ma tele ido.

Ya ce, “Motar ga ta ƙara gudu.”

Na ce ba ta ƙara ba, Yaya, haka take tun asali. Na sauka daga kujera na durƙusa. Na faɗa mashi duka, Madawa, Ɗayyabu, hamsin da sittin, sakan goma sha takwas. Ina ta zuba bayanin hoto da layi kamar ina gaban malamin lekol, don in na tsaya ban san mi zan yi ba.

Ya bari har na ƙare. Tambaya ɗaya ya yi. “Tun yaushe ka sani?”

Na ce kwana tara.

Ya ƙirga da yatsun hannun hagu, a hankali, ya wuce Lahadi. Ya tsaya nan. “Ka sani, ka bar ni na ɗaga hannu gaban ikilisiya. Ka tashi anka tafa maka.”

Asibi ta ce, “Baban yara, abin wasa ne fa, Shef ya gwada ka.” Ya ce ta yi shiru. Ya ce ran Litinin ɗin nan da sunka je Madawa wani mai keke ya gitta wajen kasuwa, ya taka birki, ya tsaya, amma ya ji a jikinsa ya makara. Isiyaku na kallon wani gefe. Ya ce ma kansa ai wasan ya ce ya warke.

Ya shiga ɗaka ya fito da makullin mota, ya sa hula. Na miƙe in raka shi. Bai dube ni ba ya ce, “Zauna, Matta.”

Matta. Tun ina cikin zane Auta shike ce mani.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Bencin Yaya a majami'a ba kowa. Mutane na tambayata ko lahiya.

Litinin, 7 ga Oktoba

Sun tashi ƙarfe shida da rabi, Rabo ke tuƙi, an ɗage tahiyar Yamai. Hulda ta leƙo ta taga ta ce in tuna da maganin tarin Ruth. Sannan ta ɗan riƙe hannuna, gaban mutane, abin da ba ta taɓa yi ba.

Isiyaku ya ce mani Yaya da kansa ya aje makulli bisa tebur ya ce hannunsa bai kai ba. Bai ambaci sunana ba, bai ambaci akwati ba. Da ya zage ni gaban duk garaji da ya fi mani sauƙi.

Asabar, 12 ga Oktoba

Sun dawo jiya lahiya lau, ko taya ba ta fashe ba. Hulda ta ce hanyar ba ta kai yadda ake faɗi ba. To da Yaya ne ma ƙila da haka za su dawo. Wa ya sani? Ba wanda zai taɓa sani, wanga shi ke cina.

An ba Rabo motar dindindin. Yaya an ce ya riƙe magazan, ɗakin ajiyar kayan gyara, har likita ya dawo a duba. Kowa ya san abin da “a duba” ke nufi ga mai shekara hamsin da biyu.

Sau uku ina zuwa gaisuwa. Asibi ke amsawa daga tsakar gida, ta ce shina hutawa.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Asibi ta zo atiliye da rana, ba ta zauna ba. Ta ce, “Ya ce ka zo da agogonka.”

Na tarar ya kunna da kansa, na likitan ne, mai saurin. Ban san shina taɓa shi ba, ashe kullum. Na gaishe shi ya amsa a taƙaice. Ya nuna mani tabarma da haɓa. Ya ce ba shi yarda da agogon cikin tele kuma, in auna da nawa.

Zagaye na fari ya goga dutsi sau biyu amma ya kai. Na biyu rami. Na uku ya kai ba karo, gumi har gemu. Ya juyo ya dube ni, karo na farko cikin kwana goma sha biyu. Na ga abin da shike so in ce, a fili shike a idonsa. Asibi ma na bayansa tana yi mani ido.

Na duba agogo na ce, “Minti ɗaya da hamsin da biyu. Ba ta yi ba, Yaya. Da saura da yawa.”

Sannan ya juya ga tele ya ce, “Sake aunawa.”

Mun yi har la'asar. Sau goma sha ɗaya na ce mashi ba ta yi ba. Sai da nike hanyar gida na lura ko sau ɗaya ban sunkuyar da kai ba. Gobe ƙarfe biyu ya ce.